Rijiya Biyu da Birnin Sai-Alheri

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɓoye ruwa a ƙarƙashinta, ya bar bayinsa da nema. Ni ce Tabawa 'yar Korau, mai kaɗin zare, wadda ta hau Birnin Sai-Alheri a cikin kwando, ta sauko da igiya a wuya. Mai son ji ya gyara zama. Wanda ya zo don a faranta masa rai kuwa ya tashi tun yanzu, don ni ban iya wannan ba, kuma har girma ya zo ban koya ba.

Mu mutanen Gulbin Tsamiya ne, can bayan Duwatsun Kanwa. Shekarar da gulbinmu ya nutse cikin ƙasa ya bar mana kifi a kan yashi, muka ɗaure kaya gari guda, da tsofaffi da masu goyo da awaki, muka bi Madugu Shekarau neman inda za mu sake kafa bukka. Muka ratsa dajin da itatuwansa ke matsowa in ba a kallonsu, muka hau tudun yashin da ke kuka in an taka shi, har tafiya ta jefa mu bakin Fagen Toka, wani fili fari fat wanda ko ungulu ba ta yarda ta ratsa shi ba.

A nan hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta nufi Rijiyar Gabas, ɗaya Rijiyar Yamma, kuma duk matafiyin da ya taɓa bi ta nan ya san halin rijiyoyin. Ruwansu ɗaya ne a ƙarƙashin ƙasa, yana ƙaura tsakaninsu yadda ya ga dama. In yana gabas, yamma ta bushe ƙamas. In ya koma yamma, gabas ko danshi ba a samu. Abin da ya rage a salkunanmu zai kai mu ɗaya daga ciki da ƙyar, amma ba zai dawo da mu ba in muka tarar da ita busasshiya. Ran mutanen Gulbin Tsamiya gaba ɗaya ya rataya a kan kalma guda, gabas ko yamma, kuma ba wanda yake da ita.

Shekarau ya ce a jefa ƙuri'a. Na miƙe daga cikin mata na ce, "Madugu, da ran 'ya'yanmu za ka yi caca? Ga birni can a kan dutse, arewa da mu. Wanda ke zaune a can sama ai yana hangen rijiyoyin duka biyu. A je a tambaya mana!"

Ya dube ni sheƙeƙe, don dama ba ma ga-maciji. Ya ce, "Birnin nan ba ya karɓar ayari. Wanda ya matso da taro, duwatsu suke sako masa. Mutum ɗaya suke ɗauka. Tunda bakinki ya fi na kowa tsawo, Tabawa, sai ki je ki gwada shi a can."

Na ce na ji. Maigidana, wanda ba zan faɗi sunansa ba tunda ban taɓa faɗa ba, yana gefe yana gyaran akumarin jakinsa. Mutum ne mai sanyin jiki, in ka aike shi ɗebo wuta sai ka tarar yunwar ta wuce. Na tsaya a kansa ina jiran ya hana ni, ko don in samu wanda zan yi wa faɗa. Ya ɗago ya ce, "To, sai kin dawo." Haushin wannan magana shi ya ɗauke ni har gindin dutsen, ban ji gajiya ba.

Dutsen nan a tsaye yake kamar turmi, ba matakala ba mashiga. Na buga ihu, aka sako kwando da igiya, aka ja ni sama ina lilo tsakanin sama da ƙasa, ina karanta duk abin da na haddace. Da kwandon ya kai baki, ba a bar ni na fito ba. Wani ƙaton mutum mai jan rawani, Sarkin Ƙofa Baushe, ya dafa gefen kwandon ya leƙo.

"Baiwar Allah, ina labari?"

Bakina ya amsa kafin hankalina, yadda kowa ke amsawa: "Sai alheri."

Ya saki kwandon ya ce, "Kin tsira. Da wata amsa kika ba ni, da juye ki za a yi." Daga nan ya karanto mini dokar garin yana kallon farcensa. Kakan mai mulkinsu, wai, wani manzo ne ya zo masa da mugun labari yana cin abinci, loma ta tsaya masa, ya mutu. Tun daga ranar aka haramta mummunar magana a birnin. Ba a cewa wani ba shi da lafiya, ba a cewa hatsi ya ƙare, ba a cewa jaki ya ɓata. Sai da na ga an naɗe igiyar an kulle ta a ɗaki sannan ya ƙara da cewa baƙon da ya hau ba ya sauka, kada ya je ya ɓata musu suna a duniya. Na daure na yi masa murmushi, na ce ina son in ga kyan ƙasarsu daga kan ganuwa.

Daga can sama Fagen Toka ya kwanta a gabana. Na hango zangonmu ɗan mitsitsi a mararraba. Na hango gabas can da nisa, wani dogon sanda da tuta a kai, faɗinta ya kai gona. Na juya yamma, ga wata irinta. Baushe ya ce cikin alfahari kowace rijiya da mai gadinta, kuma farar tuta na nufin akwai ruwa. Na sake dubawa. Gabas fara. Yamma fara.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in babu ruwa fa, wace iri ake ɗagawa?"

Fuskarsa ta murtuke. "Baƙa ce a zamanin jahilci. Mun ƙone su. Ki iya bakinki, tsohuwa."

Tsohuwa! Lokacin ko furfura ɗaya ban yi ba. Amma ba zagin ne ya tsaya mini a wuya ba. Tutar da ba a yarda ta zama baƙa ba, me farinta zai gaya mini? Da sun ɗaure ƙyallen a kan busasshen icce ma haka zai yi ta kaɗawa. Su kuwa ko a jikinsu, don suna da idon ruwa a tsakiyar birni, ba ɗaya daga cikinsu da zai taɓa shan ruwan rijiyoyin nan. Sun kafa masu gadi da sanduna da mahaya masu kai da komo, duk don mai mulki ya leƙo da safe ya ga fari ya ji daɗi.

Na sauka na nemi kasuwa, don na ji ana kiran wata rumfa ta masu sayar da labari. Abin mamaki na gani a can. Goruna ne rataye bila adadin, kowanne da toshiya. In ka cire toshiyar ka kara a kunne, sai murya ta fito ta gaya maka abin da aka zuba a ciki. Akwai goran labarin sarakuna, akwai na farashin gero a ƙasashen da ba a taɓa jin sunansu ba, akwai na abin da kifi ke yi a ƙarƙashin teku. Mai rumfar wani siriri ne mai yawan dariya, ana ce masa Mantau. Na ba shi ƙullin zaren da na kaɗa da hannuna, na ce ina son labarin Rijiyar Gabas. Ya ciro gora. Muryar ciki ta ce, "Cike take, ruwa garai-garai." Na ce na Yamma fa? Ya ciro wani. "Cike take, ruwa garai-garai."

Na dube shi na ce, "Malam, Rijiyar Kaskon Inna fa? Mutanena sun damu da ita ƙwarai."

Babu wata rijiya mai wannan suna a bayan ƙasa. Kaskon da kakata ke soya gyaɗa ne na tuna. Mantau ko ƙifta ido bai yi ba, ya miƙa hannu ya ciro gora, ya cire toshiya. "Cike take, ruwa garai-garai."

Ban san lokacin da na fyaɗa goran da ƙasa ba. Ya fashe, muryar ta fice tana ta maimaita "garai-garai" har ta ɓace cikin iska. Na kama Mantau da wuyan riga na ce masa abin da ba zan maimaita a gaban yara ba. Dogarai suka zo suka ɓamɓare ni. Allah ya taimake ni zagi kawai na yi, ban faɗi mugun labari ba, shi kuwa zagi a garin nan ƙaramin laifi ne. Aka yanke mini aiki a Gidan Tuta.

Gidan Tuta wani makeken fili ne inda ake karɓar tsofaffin tutoci in mahayi ya kai sabbi ya dawo da waɗanda aka sauke. Mata ne ke bugun su da ƙota, su ɗinke inda iska ta yaga. Shugabarsu Uwar Tuta Delu, gajeruwa mai bulalar dorina, ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Ke ce baƙuwar da ke fasa goruna? A nan kai ake fasawa." Ta cusa mini ƙota a hannu. Na yi ta bugu ina ƙuna a ciki, ina tunanin salkunan da ke motsewa a mararraba, da jariran da na baro suna tsotson busasshen nono.

Ana cikin haka mahayi ya iso da tutoci biyu, aka baza su a fili. Ta yamma ta zo da nauyi, da dabbare-dabbaren jar laka a gefenta, tana warin gansakuka. Delu ta tsuke baki ta ce mai gadin yamma ya iya tara wa mutane aiki. Ta gabas kuwa fara sol, har ido ba ya iya tsayawa a kanta. Delu ta shafa ta tana yabo: "Kun ga aikin ɗan halak! Tun ina yarinya dokar ke nan, kowace tuta a wanke ta da ruwan rijiyarta kafin a maido ta. Ga wanda ya iya wanki."

Na ɗora ƙota a kan ta gabas, sai wani farin gari ya tashi ya shiga mini hanci. Na shafa da yatsa na murza. Alli ne. Duk macen da ta taɓa riƙe mazari ta san shi, da shi muke shafa yatsa kada zare ya sulle, kuma kowa ya san da ƙonannen ƙashi ake yin sa. Wanda ke zaune a bakin ruwa ba zai tsaya ƙona ƙashi don ya faranta ƙyalle ba, tsoma shi zai yi a guga, ya fito da laka da komai. Wanda ba shi da ko ɗigo, kuma yake tsoron a gane, shi ne zai bi gawar dabbobin da ƙishirwa ta kashe yana tara ƙashi.

Amma ruwan nan mai ƙaura ne, sai na tabbatar. Na gyara murya na ce, "Uwa, wannan bawan Allah na gabas dama can haka ya iya wanki?"

Ta ce, "Ina fa! Da can na yamma ne gwani, shi kuma wannan ƙazami. Tun farkon bazarar nan dai suka yi musanyar hali, har yau." Ta faɗa tana kallona ido cikin ido, sannan ta juya ta daka wa wata tsawa.

Ga kalmar a hannuna: yamma. Ban taɓa riƙe abu mai nauyinta ba, kuma ban taɓa riƙe abin banza kamarta ba, tunda ina kan dutse, igiya na kulle, masu buƙatarta suna can ƙasa. Na leƙa ganuwa na buga ihu har muryata ta dushe, iska ta kwashe ta tun kafin ta kai rabin dutsen. Na nemi in kunna hayaƙi, to ko sun gani me zai gaya musu, alhali ba mu yi da su cewa hayaƙi na nufin kaza ba? Na zauna na yi kuka, kukan haushi, irin wanda ba ya rage komai.

Washegari da hantsi aka buga ganga aka ce kowa ya fito dandali. Wani magini ne, Cindo, aka kama. Laifinsa ya ce wa maƙwabcinsa katangar kudu ta tsage. A garin nan hukuncin mai mugun labari ɗaya ne, suna ce masa haɗi: a haɗa mutum da abin da ya ɓata wa suna. Wanda ya ce kare ya haukace, a kulle shi da karen. Aka ja Cindo aka ɗaure a gindin katangar kudu, matarsa na tsaye tana murmushin dole, hawaye na bin kumatunta. Sannan sanƙira ya hau wani dakali inda aka girke ƙahon wata dabbar zamanin da, tsawonsa ya fi kwalekwale, bakinsa na fuskantar Fagen Toka. Ya sa baki ya yi shela, ƙasa ta girgiza:

"Cindo magini ya ce katangar kudu ta tsage! Ƙarya yake! An haɗa shi da ita!"

Muryar nan mun sha jin ta tun muna zango, kalma-kalma rangaɗau, ba mu dai san kan zancen ba. Na lura da abin da ya biyo baya. Kafin azahar duk masu rumfa a gindin katangar kudu sun kwashe kayansu, wannan ya ce inuwa yake nema, wancan ya ce zai ziyarci suruki. Ashe munafukan nan sun san inda suke samun labarinsu. A duk faɗin birnin ƙahon nan ne kaɗai ke faɗin abin da kunne bai riga ya sani ba, kuma sai an ba da mutum kafin ya yi magana.

Na koma Gidan Tuta na kama ɗinki. Delu ta zo wucewa ta bayana, ta sunkuya kamar tana duba ɗinki, ta ce ƙasa-ƙasa, "Na ga idonki a dandali. In kina son sauka da ranki, abin da ke lafiya ake ɓatawa. Ki yi wa rijiyar da ke da ruwa ƙazafi, su da kansu za su kai ki bakinta." Ta miƙe ta zabga mini dorina a baya don kada a ce ta yi mini magana.

Wato ta sani. Duk sun sani. Na tsane ta a lokacin fiye da Baushe, ko da yake ita kaɗai ce ta so ni da rai a garin. Kuma kada in yi muku ƙarya, shawararta ta shige ni. In na ce yamma ta bushe, za a kai ni yamma, in sha in ƙoshi. Amma ƙahon zai kai maganar mararraba, mutanena su ji Tabawa ta ce yamma ta bushe, su ɗaure kaya su nufi gabas, su da jariransu. In kuwa na faɗi gaskiya, su za su sha, ni a ɗaure ni a bakin busasshen rami. Na juya abin ta kowace fuska ina neman hanya ta uku. Ina son raina, ba na jin kunyar faɗa. Hanya ta uku dai ban same ta ba.

Ranar da mai mulkin ya fito zaman fada na ajiye ƙota na bi taro. Mai Hasumiya suke ce masa. Wani farin tsoho ne mai taushin fata kamar jariri, kunnuwansa cushe da auduga, ba ya cirewa sai wani bafade ya fara jin maganar ya ɗaga masa hannu alamar mai daɗi ce. Na durƙusa na zuba kirari, na yabi birninsa da tutocinsa har bafaden ya ɗaga hannu. Tsohon ya zare audugar yana murmushi. Na miƙe tsaye, na tattara duk muryar da Allah ya ba ni.

"Rijiyar Gabas ta bushe! Ko ɗigo babu! Mai gadinka ƙashi yake ƙonawa!"

Fada ta kaure. Mai Hasumiya ya toshe kunne da tafin hannu yana kuka kamar an mare shi. Baushe ya shaƙe ni ya buga da ƙasa, haƙorina na gaba da kuke gani babu, a nan na bar shi. Ina kwance jini a bakina, tsorona ɗaya kada su ce ni baƙuwa ce su jefa ni ta ganuwa ba tare da shela ba. Amma masu bin doka ne, ko ta kai su rami. Aka buga ganga, sanƙira ya hau dakali.

"Tabawa baƙuwa ta ce Rijiyar Gabas ta bushe! Ƙarya take! An haɗa ta da ita!"

Ban taɓa jin daɗin a ce mini maƙaryaciya ba sai ranar. Amma daɗin bai daɗe ba. Ba su sauke ni nan take ba, sai da aka yi ta zagaya unguwanni da ni ana jifa, aka kwana aka tashi ana yi, ni kuwa zuciyata na mararraba. Shekarau ba ya ƙaunata. In ya ce wa jama'a, "Kun ji ai, mutanen da ke hangen rijiya sun ce ƙarya take," wa zai musa masa? Na ba da raina ne a kan cewa mutanen da na yi shekaru ina zagi sun san bakina ba linzami, amma ba ya ƙarya.

Aka sako ni cikin kwando da igiya a wuya, dogarai uku na tsare da ni, shugabansu wani mai faskeken hanci, Gagare. Da muka doshi mararraba na kasa ɗaga kai. Zangon wayam, sai tokar murhu da kashin awaki. Na bi ƙasa da ido. Sawun mutane, sawun jakuna, sawun 'yan ƙafafun yara, duk sun miƙe yamma. Na zube a wurin ina dariya, har Gagare ya fizgi igiyar ya ce in tashi ko ya ja ni.

Muka kama hanyar gabas. Ba mu yi nisa ba na ga wani sawu a gabanmu, na jaki ɗaya da mutum ɗaya, mai jan ƙafar hagu a ƙasa. Ƙafar Maigida ce, shekara da shekaru ina yi mata faɗa tana cinye takalma. Dariyata ta ɗauke. Wawan! Ƙaho ya faɗa da muryar da kurma zai ji, gari guda ya gane, shi kaɗai ya juye maganar ya nufi mutuwa. Duk tsawon hanyar nan, rana na gasa mu, harshena ya kumbura a baki, abin da ya riƙe ni a tsaye shi ne in isa in gaya masa abin da ke raina.

Rijiyar Gabas rami ce mai zurfi da tokar ƙashi zube kewaye da ita. Mai gadin, wani ƙasusuwan tsoho da ke rayuwa a kan ɗan ruwan da mahayi ke kawo masa, ya taso yana layi ya ce, "Sannunku da zuwa, labari sai alheri." Dogarai suka ɗaure ni a jikin sandan tuta. Sai ga Maigida ya fito daga inuwar bakin rijiyar, a hankali kamar kullum, ya yi wa dogarai sallama, ya zaro 'yar wuƙarsa ta gyaran akumari ya fara yanka igiyar.

Gagare ya ɗaga mashi. Na ce masa, "Soke shi, ɗan'uwa. Amma ka shirya abin da za ka faɗa in Baushe ya tare ka a bakin kwando ya ce ina labari. Za ka ce an yi kisa a rijiyar Mai Hasumiya? Ko za ka ce baƙo ya zo ya kwance mai laifi? Duk wanda ka zaɓa, da shi za a haɗa ka."

Mashin ya tsaya a sama. Gagare ya dubi 'yan'uwansa, suka dubi ƙasa. Can ya sauke hannu ya ce da ƙarfi, yana kallon wani wajen, "An ɗaure ta. Komai ya tafi daidai." Suka juya, ba wanda ya waiwayo.

Igiyar ta faɗi. Na buɗe baki zan fara, sai Maigida ya sauko da salka daga kan jaki, cike taf, har tana ƙyalli. Na san ba mu da ruwa mai yawan haka.

"Ina ka samo?"

Ya ce, "Kowane gida ya zuba kaɗan. Sun ce tunda su ruwa za su tarar. Madugu ne ya fara zubawa."

Duk da haka ban yarda na bar faɗan ba. Na ce, "Kai kuma wane irin kunne gare ka? Ba ka ji abin da ƙahon ya ce ba? Gabas ta bushe, Maigida! Bushewa! Don wa na ba da haƙorina?"

Ya kwance bakin salkar, ya tsiyaya wa tsohon mai gadi a ƙoƙo tukuna, sannan ya miƙo mini.

"Na ji sarai," ya ce. "Su ya gaya musu inda ruwa yake. Ni ya gaya mini inda kike. Sha, hanyar yamma da nisa."

Na karɓa da hannu biyu na sha. Iyakar abin da zan faɗa ke nan, wanda ya ji ya isar yadda ya ji.